Yadda Ake Saka Wa Makaho NVDA Ya Riƙa Sarrafa Kwamfuta Da Kansa

Kusan duk makahon da aka kawo mini ana cewa "ya kasa koyon kwamfuta", idan na bincika sai in tarar mai koya masa ne ya ɓata aikin tun ranar farko. An saka manhajar, ta fara magana, sai ɗan'uwa mai gani ya kama linzami yana yi masa komai. Saboda haka wannan bayani naka ne, kai mai taimakon.

Manhajar da nake nufi ita ce NVDA, mai karanta abin da ke kan allo da murya. Wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su suka gina ta, aikin ya fara a 2006, kuma har yau kyauta ce. JAWS, wata manhajar mai irin wannan aikin, ita ma tana aiki sosai, amma lasisinta na dindindin ya haura dala 1,000. Ɗalibin Kano ko Maraɗi ina zai samo wannan? Kada kuma ka je wajen masu gyara su saka maka JAWS ta sata, rana ɗaya za ta yi shiru ta bar bawan Allah a tsakiyar aiki.

Ka sauke NVDA daga shafin NV Access kawai, wato ƙungiyar da ke kula da ita. Za su nemi gudummawa, ba dole ba ce. Ba ta cin data da yawa, kuma saukewa ɗaya ta isa, sai ka zuba a flash ka raba wa mutum goma. Amma duba Windows ɗin tukuna: tun daga 2024 sababbin fitowar NVDA suka daina hawa Windows 7, kuma wasu kwamfutocin gwanjo da ake sayowa da araha ita ke kansu. Lokacin sakawa akwai wurin da ke tambaya ko ta riƙa magana tun a allon shigar da kalmar sirri. Ka amsa da e. In ba haka ba kullum sai an nemo mai ido ya buɗe masa.

Yanzu ga inda na sha wahala, kuma inda kowa ke faɗuwa: madannin NVDA. Kusan kowane umarni da shi ake haɗawa, kuma a asali madannin Insert ne. A babbar kwamfutar tebur ba matsala. A ta tafi-da-gidanka kuwa, Insert ɗan ƙarami ne can a lungu, wani lokaci ma sai an haɗa da Fn kafin ya yi aiki. Na taɓa ɓata mako guda da wata ɗaliba, tana dannawa ba abin da ke faruwa, har ta fara kuka tana cewa ita ce ba ta da ƙwaƙwalwa, alhali madannin ne ke ɓoye. Tun daga ranar doka ce a wurina: a akwatin maraba da ke fitowa da farko, a zaɓi tsarin Laptop, a kuma kunna zaɓin da ke mayar da Caps Lock madannin NVDA. Babba ne, yana gefen hagu, ƙaramin yatsa na samun sa ba lalube. Idan ana son manyan baƙaƙe sai a danna shi sau biyu da sauri.

Daga nan ka zare linzamin ka saka a aljihu. Da gaske nake. Ka ɗora yatsunsa kan F da J, zai ji ɗan tudu a kansu, nan ne gida. Sai ya danna madannin NVDA tare da lamba 1. Wannan yana buɗe yanayin koyo: duk abin da ya taɓa za a faɗa masa sunansa da aikinsa, ba abin da zai goge ko ya lalace. Ka bar shi kwana uku a nan, ko da ya ƙosa. Wanda ya san madannansa, sauran karatun ba ya yi masa wuya. Idan an gama, a sake danna NVDA da 1 don fita.

Umarnin farko da zai haddace shi ne Ctrl, mai sa muryar ta yi shiru, don surutunta ne ke fara korar mutane. Sannan NVDA da N don buɗe jerin zaɓuɓɓuka, NVDA da T ya ji wace taga yake ciki, NVDA da F12 ya ji lokaci. NVDA da Shift da B na faɗin cajin batir, abin da ke da amfani ƙwarai inda ake yawan ɗauke wuta. Idan manhajar ta rufe, Ctrl da Alt da N ke tayar da ita.

Maganar murya: ka rage saurinta a farko, shi da kansa zai ƙara nan gaba har kai ka kasa gane abin da take faɗa. Muryar Ingilishi tana kashe Hausa. Ni muryar Swahili ta cikin eSpeak, tsarin muryoyin da ke zuwa tare da NVDA, nake zaɓa, wasulanta sun fi kusa da namu. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna ba ta wuya, sai ka shiga ƙamus ɗin furuci na manhajar ka ce ta karanta su k da d da b.

A intanet, H na tsallakawa daga kan magana zuwa wani, K zuwa mahaɗi, B zuwa maɓalli, E zuwa gurbin rubutu. Idan yana danna harafi amma ba ya rubutuwa, NVDA da madannin tazara ke mayar da shi yanayin rubutu. Ka yi masa kwafin tafi-da-gidanka a flash daga sashen Tools, don ya yi aiki a shagon intanet ko kwamfutar makaranta ba sai ya roƙi a saka masa komai ba. Ka haɗa masa da abin sa wa a kunne, ko na araha ne, kada duk ɗakin su ji saƙonninsa.