Yadda Ikkilisiya Za Ta Dasa Itatuwan Da Za Su Rayu

A Farawa 2:15 aiki biyu Allah ya ba Adamu a gonar Aidan: ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Ikkilisiyoyi da yawa na farkon suke yi. A fito bayan sujada, a dasa itatuwa ɗari, a yi addu'a, a watse, kafin rani ya raba tsakiya awaki da ƙishirwa sun gama da su. Yanzu da shekarar 2024 ta zama mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, ruwan sama kuma ya daina zuwa a kan ƙa'ida, kiyayewar ce babban aikin.

A fara da lissafin ruwa, kamar yadda Yesu ya ce a Luka 14:28 mai gini ya zauna tukuna ya ƙirga abin da aikin zai ci. Ƙaramin dashe yana bukatar kimanin lita 10 sau biyu a mako a duk ranin farko, a yawancin wurare har da na biyu. Itatuwa 50 ke nan lita 1,000 kowane mako. In ba ku da wannan ruwan da masu ɗibarsa, ku dasa 15. Sa'an nan kowane itace ya sami mai shi, gida ɗaya ko aji ɗaya na makarantar Lahadi, a rubuta suna a littafi. Bulus ya dasa, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ya sa girma. Itacen kowa da kowa ba shi da Afolos.

A zaɓi irin da ya saba da ƙasar wurin da zafinta, a haɗa masu inuwa da masu 'ya'ya. Bishiyar turare tana shan ruwa ƙwarai, kada a sa ta kusa da rijiya ko gona. Babban itace ya yi nesa da gini da aƙalla mita 8, kada kuma ya faɗa ƙarƙashin wayar lantarki. Dashe mai tsawon santimita 30 zuwa 50 ya fi dogo kamawa, domin dogon ya daɗe a leda, saiwarsa ta nannaɗe. Mako biyu kafin dashi a rage masa ruwa, a riƙa fitar da shi rana don ya saba.

Lokacin dashi shi ne sa'ad da damina ta zauna, ƙasa ta jiƙe har zurfin kamu guda ko fiye. Ikkilisiyoyi da dama suna kiyaye Lokacin Halitta, wato makonnin addu'a da kula da halittar Allah, daga 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba, abu ne mai kyau, amma inda wannan ya zo daidai da ɗaukewar ruwa, a yi wa'azi, a gyara shinge, a bar dashi sai baɗi.

A haƙa rami santimita 50 faɗi, 50 zurfi, ƙasar sama a gefe ɗaya, ta ƙasa a wani gefen. A gauraya kashi biyu na ƙasar sama da kashi ɗaya na takin da ya ruɓe sarai, wanda ya yi baƙi, ba ya wari, ba ya ɗumi a hannu. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa. A yi dashen da yamma. A yanke ledar da wuƙa a cire ta duka ba tare da ƙasar ta warwatse ba, saiwar da ta kewaye gindi a datse ta. Inda aka fi yin kuskure shi ne zurfi: mahaɗar kara da saiwa ta tsaya daidai da fuskar ƙasa. In aka binne kara, yana ruɓewa a hankali, itacen ya yi wata da watanni yana rawaya, mutane su ɗauka ƙishirwa ce, su ƙara ruwa, su ƙarasa shi. A danne ƙasar da hannu, a kewaye da kunya mai faɗin mita ɗaya, a zuba lita 10 nan take. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kaurin yatsa huɗu, amma kada ta taɓa kara, don tana kiran gara. Shinge mai tsawon mita ɗaya da rabi ya tsaya a ranar, ba gobe ba.

Ban ruwa mai yawa lokaci-lokaci ya fi yayyafi kullum. Yayyafi yana tsayar da saiwa a sama, inda rana ke fara busarwa.

Kafin a sayi dashe ko ɗaya, a zaga filin a duba kututture masu toho. A 1983, a yankin Maraɗi na Nijar, wani ɗan mishan daga Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa abin da ake gani kamar ƙananan ciyayi tohon tsofaffin itatuwa ne masu saiwa a raye. Hanyar rainon irin wannan toho tana da sauƙi: a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, a rage ƙananan rassa har rabin tsayi, a dawo bayan 'yan watanni a cire sabon toho. Irin wannan ba ya bukatar ban ruwa, ya kuma fi dashe saurin girma.

A ƙarshen rani a ƙirga waɗanda suka rayu, a karanta adadin a gaban ikkilisiya. Wanda ya mutu a tone shi a duba saiwa: ruɓewa, gara, ko nannaɗewa. Wanda ya tsaya cak bai mutu ba, a yi masa abin da mai lambu ya roƙa wa ɓaure a Luka 13:8, a sassaɓe gindinsa, a zuba taki, a ba shi shekara guda.