Yadda ake lissafa lokacin tafiyar jirgi daga Gombe zuwa Abuja

Wanda ke son sanin lokacin da jirgi zai ci tsakanin filaye biyu, ya fara neman nisan da ke tsakaninsu a miƙe, domin jirgi ba ya bin kwane-kwanen Jos da Akwanga. Daga filin jirgin Lawanti na Gombe zuwa filin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja kimanin kilomita 420 ne. Daga filin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauchi kuwa kusan 320 ne. Idan aka rubuta nisan da mil ɗin matuƙa jirgi, ka ninka shi sau 1.852, sai ya koma kilomita.

Sannan ka raba nisan da gudun jirgin. Babban jirgin fasinja yana yin kusan kilomita 800 a awa idan ya daidaita a sama, ka ga 420 zai ba ka minti 32. A nan mutane da yawa ke yin kuskure, su tsaya a wannan adadin. Jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa. Zai gangara a hankali zuwa titin tashi, ya hau sama, kuma muddin yana ƙasa da ƙafa 10,000 ba a cika barinsa ya wuce kilomita 460 a awa ba. Wajen sauka ma haka, ga jiran layi idan Abuja ta cika. Don haka ka ƙara minti 25 zuwa 30, tafiyar ta zama awa ɗaya. Jirgi mai farfela, wanda gudunsa bai wuce kilomita 500 zuwa 650 ba, ka ƙara masa minti 10 ko 15.

Amma lissafin da zai amfane ka shi ne na ƙofa zuwa ƙofa. Daga cikin garin Gombe zuwa Lawanti ka ware minti 40. Ka isa awa ɗaya da rabi kafin tashi, saboda ana rufe karɓar kaya tun jirgi na ƙasa, kuma roƙo ba ya buɗewa. Bayan sauka, jiran jaka zai ci minti 20 ko 30, sai kusan kilomita 40 zuwa tsakiyar Abuja, ga cunkoson Lugbe da safe. Jimilla awa huɗu da rabi ke nan. Duk da haka ya fi mota sauƙi, wadda ke cinye wuni guda.

Tsakanin Bauchi da Gombe kuwa kada ma ka wahalar da kanka. Filayen biyu kusan kilomita 130 ne tsakaninsu, Lawantin kanta a kan hanyar Bauchi take, tafiya a mota ta fi sauƙi.

Abin da ya fi ɓata lissafi shi ne hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan ƙura ta yi kauri matuƙi ba ya hango titin sauka, sai a jinkirta ko a soke tashin gaba ɗaya. Da damina hadarin la'asar ne ke tsayar da jirgi, shi ya sa na safe ya fi tabbas. Idan daga Abuja za ka kama wani jirgin, musamman na Umara ko ƙasar waje, kuma tikitin daban-daban ne, ka bar aƙalla awa huɗu tsakani. A lokacin hunturu gara ka tafi tun ana gobe, ka kwana a can.