Yadda Ake Rarraba Bayanan Hatsarin Jirgin Sama da Sanya Musu Lambobi

Rahoton binciken hatsarin jirgin sama guda ɗaya yakan kai shafi ɗari ko fiye, kuma babu mai nazarin da zai iya karanta dubban irinsa domin ya gano ko fita daga titin sauka ya fi yawa a damina, ko kuwa wane samfurin jirgi ne injinsa ya fi mutuwa a sama. Shi ya sa ake taƙaita kowane rahoto zuwa wasu lambobi da gajerun haruffa waɗanda duniya ta amince da ma'anarsu, a zuba su cikin rumbun bayanai. Hukumar ICAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ke kula da sufurin jiragen sama na farar hula, mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada, tana tattara irin waɗannan bayanai tun 1976 a ƙarƙashin tsarin ADREP, kuma ƙasashe da yawa suna shigar da nasu ta manhajar ECCAIRS wadda aka ƙirƙira a Turai. A Najeriya hukumar NSIB ce ke binciken haɗurra, bayan dokar 2022 ta kafa ta a gurbin tsohuwar hukumar binciken haɗurra, AIB. Abin da ke tafe bayani ne ga ma'aikacin da aka ɗora wa nauyin mayar da rahoto lambobi.

Mataki na farko shi ne a tantance girman abin da ya faru, kuma a nan ba a bin yadda jaridu suka kira shi, ana bin ma'anar da ke cikin Rataye na 13 na Yarjejeniyar Chicago ta 1944. Ana kiran abu hatsari idan ya auku tsakanin lokacin da mutum ya shiga jirgi da niyyar tafiya da lokacin da kowa ya sauka, sannan ɗaya daga cikin abubuwa uku ya tabbata: wani ya rasu ko ya ji mummunan rauni, ko jirgin ya lalace lalacewar da ta taɓa ƙarfin gangar jikinsa ko yadda yake tashi har tana buƙatar babban gyara, ko kuma jirgin ya ɓata ko ya faɗa inda ba a iya kaiwa gare shi. Shi kansa mummunan rauni yana da ma'auni. Kwanciya a asibiti fiye da awa 48 wadda ta fara cikin kwana 7 da jin raunin tana ciki, haka karayar ƙashi in ban da ƙaramar karaya a yatsun hannu, yatsun ƙafa ko hanci, haka ƙunar da ta wuce kashi 5 cikin ɗari na fatar jiki. Wanda ya rasu cikin kwana 30 sakamakon raunin ana ƙirga shi cikin mamatan hatsarin. Wannan na nufin adadin da aka shigar a makon farko ba na ƙarshe ba ne, dole ne a koma a duba shi bayan wata guda.

Akwai lalacewar da ba ta kai matsayin hatsari ba, kamar mutuwar inji guda ɗaya da ɓarnar ta tsaya a kansa, ko fashewar taya, ko ɗan lotsawa a jikin jirgi. Irin waɗannan ana shigar da su a matsayin tangarɗa. Tsakanin biyun kuma akwai babbar tangarɗa, wato abin da saura ƙiris ya zama hatsari, misali jirage biyu da suka kusa karo a sama har sai da ɗaya ya kauce. Rataye na 13 ya bayyana cewa sakamako ne kaɗai ya bambanta babbar tangarɗa da hatsari, don haka ni a ganina ta cancanci kulawar da ake ba hatsari wajen shigarwa, domin tana koyar da darasi iri ɗaya ba tare da an yi asarar rai ba.

Bayan haka sai a cike bayanan asali, waɗanda ba su da wuya amma ganganci yakan ɓata su. Lokaci ana rubuta shi da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, tare da na gida, kuma agogon Najeriya da Nijar yana gaban UTC da awa ɗaya, don haka abin da ya faru jim kaɗan bayan sha biyun dare a Kano yana faɗawa cikin ranar da ta gabata a lissafin UTC. Filin jirgi ana sa masa haruffa huɗu na ICAO: DNKN Kano, DNAA Abuja, DNMM Legas, DRRN Yamai. Samfurin jirgi ma yana da tasa alamar, kamar B738 ko A320, kuma da ita ya kamata a yi aiki, domin idan wannan ya rubuta sunan a cike wancan ya gajarta shi, kwamfuta za ta ɗauke su jirage biyu daban.

Gurbin da ya fi rikita sabon ma'aikaci a nan shi ne na ƙasashe. Hatsarin Jidda na ranar 11 ga Yuli, 1991, wanda ya ci rayukan mutum 261, akasarinsu alhazan da ke komowa Sakkwato, misali ne mai kyau. A bakin jama'a jirgin Nigeria Airways ne, domin da sunansa aka yi jigilar. Amma jirgin, ƙirar DC-8, na kamfanin Nationair ne na Kanada, rajistarsa ta Kanada ce, ma'aikatansa na kamfanin ne, an ƙera shi a Amurka, sannan ya faɗi a Saudiyya. Kowanne daga cikin waɗannan yana da gurbinsa daban a rumbun: ƙasar da abin ya auku, ƙasar rajista, ƙasar kamfanin da ke sarrafa jirgin, da ƙasar da ta ƙera shi. Wanda ya cakuɗa su zai ɗora wa wata ƙasa lissafin da ba nata ba.

Zuciyar aikin ita ce zaɓen rukunin abin da ya faru. Tun 1999 wani kwamitin haɗin gwiwa mai suna CICTT yake tsara waɗannan rukunoni, kowanne da gajerun haruffansa da bayanin inda ake amfani da shi da inda ba a yi. Ƙa'idar da ya kamata a riƙe ita ce hatsari ɗaya yana iya ɗaukar rukuni fiye da ɗaya, kuma ba a neman ma'aikaci ya zaɓi guda ya zubar da saura. Hanyar da ta fi aminci ita ce a karanta rahoton tun daga farko, a jera abubuwan da suka faru bi da bi a takarda, sannan a tambayi kowanne ko yana da rukuni.

A koma kan jirgin Jidda. Bincike ya gano cewa wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, suka fashe yana gudu a kan titi, wuta ta kama, matuƙa kuma suka naɗe ƙafafun jirgin ba tare da sanin suna ci da wuta ba, har wutar ta cinye cikinsa yana ƙoƙarin komowa filin. Fashewar tayoyin tana shiga SCF-NP, wato lalacewar wani sashe na jirgi wanda ba inji ba. Wutar kuwa tana shiga F-NI, domin ta tashi ne kafin jirgin ya bugi ƙasa. Da a ce an sa mata F-POST, wadda ake ba wutar da ta biyo bayan faɗuwa, da mai nazarin da ke neman haɗurran gobara a sama ba zai taɓa ganin wannan hatsari a jerinsa ba, alhali yana cikin mafi muninsu.

Rukunoni biyu da ake yawan musanyawa su ne CFIT da LOC-I, kuma dukansu suna cikin biyar ɗin da ICAO ta ware a matsayin mafi hatsari ga rayuka, tare da karo a sama, fita daga titi, da kutsawa kan titi ba izini. CFIT shi ne jirgi ya daki ƙasa, dutse ko ruwa alhali yana hannun matuƙi sarai, bai dai san inda ya dosa ba. LOC-I kuwa shi ne jirgin ya kuɓuce wa matuƙi a sama. Tarkacen da za a tarar a ƙasa yana iya zama iri ɗaya, amma maganinsu daban ne: na farko ana yaƙarsa da na'urar gargaɗin kusantar ƙasa da bin ƙa'idar sauka, na biyu kuma da horar da matuƙa yadda za su dawo da jirgin da ya karkace. Idan akwai shaidar kuɓucewa, ba a sa CFIT. Jirgin ADC ƙirar Boeing 737-200 da ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato ranar 29 ga Oktoba, 2006, inda mutum 96 suka rasu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu, ya shiga iska mai sauya ƙarfi da alƙibla farat ɗaya, fikafikansa suka daina ɗaukarsa. Irin wannan yana ɗaukar WSTRW saboda iskar, da LOC-I saboda kuɓucewar, a tare.

Akwai wata ƙa'ida mai laushi da ta shafi LOC-I wadda ya kamata a haddace. Idan lalacewar wani sashe ce ta sa jirgin ba ya tuƙuwa kwata-kwata, ana sa rukunin lalacewar shi kaɗai. Idan kuwa lalacewar ba ta hana tuƙi ba amma duk da haka jirgin ya kuɓuce, ana sa duka biyun. Haka nan inji da ya mutu saboda mai ya ƙare yana shiga FUEL, rukunin matsalar mai, ba SCF-PP na lalacewar inji ba, tunda injin lafiyarsa lau. Jirgin da ya sauka kafin ya kai bakin titi USOS ne, wanda ya sauka a kan titi sannan ya zarce ko ya goce gefe RE ne.

Kowane abu da aka jera sai a haɗa shi da zangon tafiyar da ya faru a ciki. Zangon tashi, TOF, yana farawa daga lokacin da aka ba inji ƙarfin tashi zuwa ƙafa 35 sama da titi ko lokacin da aka fara naɗe ƙafafu, daga nan hawan farko, ICL, ya karɓa. A hatsarin Jidda tayoyin sun fashe a zangon tashi, faɗuwar kuma ta zo wajen gangarowa domin sauka, saboda haka kuskure ne a ba hatsarin duka zango guda.

Sai a zo kan dalilai, kuma a nan ne nake roƙon ma'aikaci ya fi kame hannunsa. Rukunin abin da ya faru yana amsa tambayar me ya faru, dalilai kuma suna amsa me ya sa, kuma ba a cike na biyun sai da abin da rahoton bincike ya tabbatar. Sassan jirgi ana nuna su da lambobin babi na ATA, tsarin da ake bi a littattafan gyaran jirgi, kamar 27 na na'urorin sarrafa tuƙi, 28 na mai, 32 na ƙafafun sauka, 72 na inji. Ɓangaren ɗan Adam kuma wasu hukumomi suna bin tsarin HFACS na Shappell da Wiegmann, wanda aka gina a kan aikin James Reason, mai hawa huɗu: aikin da mutum ya yi ba daidai ba, yanayin da ya kai shi ga hakan, gazawar masu sa ido, da tasirin shugabancin kamfani. Amfanin hawa huɗun shi ne su hana a tsaya a kan matuƙi. Tayar da aka bari ba iska a Jidda ta ratsa ta hannun masu gyara da masu matsa lambar kada jirgi ya makara kafin ta kai ga matuƙa. Rataye na 13 ya faɗa ƙarara cewa manufar bincike ita ce kare aukuwar wani hatsarin, ba ɗora laifi ba, kuma lambobin ma a kan wannan manufa ake sa su.

Inda shaida ba ta isa ba, akwai UNK, wato ba a tantance ba, kuma sa shi ya fi zato daraja nesa ba kusa ba. Kada a rikita shi da OTHR, wanda ake ba abin da aka san yadda ya faru amma babu rukunin da ya dace da shi. Rahoton farko ana aika shi cikin kwana 30 ga jiragen da nauyinsu ya haura kilo 2,250, na ƙarshe kuma ana so ya fito cikin wata 12 in da hali, don haka lambobin da aka sa da farko na wucin gadi ne, a rubuta ranar da aka sa su da takardar da aka dogara da ita, a sake buɗe fayil ɗin idan rahoton ƙarshe ya fito.

Kafin a rufe fayil, yana da kyau ma'aikata biyu su sa wa rahoto guda lambobi kowa shi kaɗai, sannan su kwatanta. Inda suka saɓa sai a koma ga bayanin rukunin, a yanke matsaya, a rubuta ta cikin littafin ofis domin wanda zai zo daga baya ya bi ta. A kuma rubuta bugun jerin rukunonin da aka yi aiki da shi, domin ana sabunta shi lokaci zuwa lokaci. Mai nazarin da zai ɗauki bayanan yana buƙatar adadin tashin jirage na wannan lokaci tare da su, tunda ana auna haɗurra ne a kan kowane tashi miliyan ɗaya, saboda haka a ajiye wannan adadi kusa da fayilolin shekarar.