Tsohuwar kwat ba shadda ba ce: kurakuran da na gaji da gani

Samari da yawa sun kamu da son kwat irin ta Turawan shekarun 1940 zuwa farkon 1960, kuma kusan duk wanda ya zo wurina, ɓarna iri ɗaya yake kawo mini. Bari in fara da wadda ta ci ni, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na taɓa tsintar wata kwat a cikin dilar gwanjo a Ƙofar Wambai, ruwan ƙasa, da tambarin Harris Tweed a shafinta. Wannan yadi da hannu ake saƙa shi a tsibiran Outer Hebrides na Sikotland, da zallar gashin tumaki. Don murna, sai na haɗa ta da kaftanaina na miƙa wa mai wanki. Bawan Allah ya yi mata abin da ya saba yi wa kowane kaya: ya jiƙa da garin sabulu, ya cuɗa, ya matse, ya shanya a rana, sannan ya ɗora mata dutsen guga na gawayi kai tsaye. Da ta dawo, hannunta bai kai wuyan hannuna ba, ƙirjin ya tattare kamar fatar tsohuwa, kwalar kuwa sai ƙyalli take. Ban yi masa faɗa ba, don laifina ne.

Ga abin da ya faru. Zaren ulu yana da ƴan ɓawo-ɓawo a jikinsa. In ruwa da zafi da cuɗa suka haɗu, sai su sarƙe da juna, yadin ya ɗaure, kuma babu telan da zai warware shi. Sannan kwat ta wancan zamani tana da wani yadi mai tauri a ciki, sau da yawa da gashin doki a saƙarsa, wanda aka ɗinke tsakanin waje da shafi don ƙirji ya tsaya. Shi da ulun ba sa motsewa daidai, shi ya sa take murɗewa. Ni dai yanzu buroshi nake bin ta da shi bayan kowace sawa, in rataye a inuwa ta sha iska kwana guda. In guga ta zama dole, sai in shimfiɗa farin ƙyalle mai laima a kai, tururi ya yi aikin, ƙarfe bai taɓa ulu ba. Wurin masu wankin da ba na ruwa ba kuwa, sau ɗaya a shekara ya ishe ni. Wasu za su ce ƙazanta ce. Su suka sani.

Na biyu, kai da ka sa fulanel, wato yadin ulu mai nauyi, a Kano cikin watan Afrilu, me kake nema? Yadin kwat na wancan lokaci yakan kai oza 14 zuwa 16 a kowane yadi, na yau kuwa galibi 8 zuwa 10 ne. An yi shi ne don sanyin Ingila, lokacin da yawancin gidaje murhun kwal kawai suka dogara da shi. Ka ajiye shi sai hunturu. Da zafi ka nemi lilin, ko seersucker mai ƴan kumbure-kumbure da mutanen jihohin kudu na ƙasar Amurka suke sawa, ko ulu mai sakakkiyar saƙa da iska ke ratsawa. Ka kuma duba lakabi: Terylene da Dacron sun shigo kasuwa a shekarun 1950, su ma tsofaffi ne, amma zaren roba ne, zufa kawai za ka sha.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu kai wa tela wandon da, wai a tsuke shi ya koma fensir, a sauke ƙugun. Wandon 1950 a cibiya yake zama, da naɗi a gaba da yalwa a cinya, don in an sa maɓallin kwat kada a ga riga ta leƙo. In ka tsuke shi, sai ka zama faffaɗan sama da ƙafafun zalɓe. Haka kafaɗa: in ba ta zauna maka ba tun a kasuwa, bar ta a can. Ana rage ciki, ana rage tsawon hannu, amma gyaran kafaɗa ya kusa kai ɗinka sabuwa.

Sauran ƙanana ne. Maɓallin ƙasa na kwat da na falmaran a buɗe ake barin sa. Kada ka haɗa bel da igiyar kafaɗa mai riƙe wando, ɗaya ya isa. Faɗin taye ya bi faɗin kwala. Na ƙarshen 1940 faffaɗa ne, na farkon 1960 siriri. Hangar waya tana huda kafaɗa, ka sayi ta katako mai kauri. Kada ka ƙulle ulu a leda da damina, zai yi fumfuna.

Sai asu. Kafin ka biya kuɗi, ɗaga kwat ɗin ka duba ta a hasken rana, musamman ƙarƙashin kwala da hammata, don nan ƴan ramukan suke ɓuya. Ni kafur nake zubawa a kabad, ko da yake matata ta ce ƙamshin akwatin kakarta nake yi.