Yadda Nake Shirya Gasar Wasannin Gidaje a Makarantarmu

Ni malamin wasanni ne a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo da ke bayan garin Katsina, inda gidaje suka fara cin gonaki. Duk malamin da aka ɗora wa nauyin gasar gidaje, wadda yara ke kira intahaus, ga yadda nake bi.

Fara da tsayar da rana. Zango na biyu ya fi, daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, sanyi ya sassauta, bazara ba ta kankama ba. Duba kada ta faɗa cikin azumi. In ka bari Maris ya yi nisa, rana za ta kayar maka da yara, su kuma 'yan ajin ƙarshe hankalinsu ya koma kan WAEC.

Sunayen gidaje kuwa, in ka tarar da su, kada ka taɓa. Tsohon ɗalibi yakan manta lambar ajinsa, amma ba ya manta gidansa. In makarantar sabuwa ce, Katsina ba ta rasa sunaye ba: Korau, Gobarau, Dikko, Nagogo. Abin da nake nacewa a kai shi ne, kafin a fara atisaye malamin kowane gida ya zaunar da yaransa ya gaya musu wane ne mai sunan. Yaron gidan Dikko ya san Sarki Muhammadu Dikko ya mulki Katsina daga 1906 zuwa 1944, kuma sunansa ne a kan babban filin wasan garin. Na gidan Nagogo ya san Sarki Usman Nagogo gwanin folo ne, wato ƙwallon dawaki. Kaftin-kaftin kuma ina kai su tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya ta zama Barewa a Zariya. Yanzu gidan tarihi ne. Yaron da ya tsaya a ƙofar nan, fareti ma daban yake yinsa.

Sai zana fili, inda aka fi yin ganganci. Da'irar mita 400 tana da miƙaƙƙun layuka biyu, kowanne mita 84.39. A kowane ƙarshe ka kafa turke a tsakiya, ka ɗaura igiya mai mita 36.5, ka zagaya da ita ka fitar da kwana. Faɗin layin kowane mai gudu mita 1.22 ne. In filin bai kai ba, yi da'irar mita 200 wadda ka auna tsakani da Allah. Ina zana layi da toka, da yammacin jajibiri, bayan an yayyafa ruwa, don iskar hunturu tana share ta. A sa yara su tsince ƙaya da fasassun kwalabe, tunda yawancinsu ba takalmi za su yi gudu.

A gudun miƙa sanda na mutum huɗu, kowa mita 100, wurin karɓa mita 30 ne. Ka zana shi sarai, nan rigima take tashi. Kada ka bar langa da kokawa, su ne ke tayar da iyaye tsaye. 'Yan mata su yi gudunsu da dogon wando da hijabi, malamai mata na kula da su. Ruwan sha, gulukos da akwatin magani su iso kafin kujerun manyan baƙi. A fara da sassafe, a tashi kafin Azahar.

Sannan littafi. Na sayi babban rijista mai bango mai kauri, kowace shekara da shafinta: sunan yaro, gidansa, wasan da ya ci, lokacin da ya yi ko nisan da ya tsallaka. Malamai biyu ke riƙe agogo, ko na waya ne, na uku yana rubutawa nan take, ba washegari ba. Kafin tseren mita 100, mai sanarwa ya karanto sunan wanda ke riƙe da bajintar da shekarar da ya kafa ta. In yana raye kuma yana kusa, a aika masa da katin gayyata, shi zai miƙa kofin. Bayan an tashi, a ɗauki hoton shafin a tura wa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, littafin kuma a kulle shi a ofishin shugaban makaranta.