Yadda za ka lissafa awa nawa jirgi ke yi daga Kano zuwa Jidda

Da farko dai ka nemo lambar filin jirgin, haruffa uku ne kowanne. Filin Malam Aminu Kano KAN ne, na Sarki Abdul'aziz a Jidda kuma JED. Shiga Google ka rubuta su biyun tare, ko shafin Great Circle Mapper, zai ba ka nisan a miƙe, wajen kilomita 3,400.

Sai ka raba da gudun jirgi. Manyan jiragen fasinja suna yin kamar kilomita 850 a awa, 3,400 raba 850 ya ba ka awa 4. Ka ƙara minti 30 na tashi da sauka, kenan awa huɗu da rabi in hanya ta miƙe.

To amma fa jirgi ba kullum yake bin layi sak ba, iska na iya rage mai gudu, kuma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 jirage da yawa kewaye sararinta suke yi, shi ya sa ni nake ganin gara ka ƙara wani abu a kai kar mai zuwa tarbarka ya bushe a filin jirgi.

Na ƙarshe, agogo. Saudiyya na gaban Najeriya da awa 2, lokacin saukar da ke kan tikiti na can ne ba namu ba. In ka tashi ƙarfe 10 na safe, ka sa ran sauka wajen huɗu da rabi na yamma agogon Jidda. In tikitin na yada zango ne a Alkahira ko Addis Ababa, sai ka lissafa kowace tafiya daban, sannan ka haɗa da awannin jira.