Yadda Ake Yi wa Tayil ɗin Bangon Shawa Gyaran Wucin Gadi

Idan tayil ɗin bangon shawa ya tsage, ko ya fara girgiɗi, ko wani ɓangarensa ya ɓalle ya faɗi, to ruwa ya sami kafa ke nan. Duk wankan da aka yi, ruwan zai bi ta wurin ya shiga bayan tayil inda iska ba ta kaiwa, ya kwanta yana jiƙa simintin da ke riƙe da sauran har su ma su saki. Aikin gyaran wucin gadi shi ne tare wannan ruwa har zuwa ranar da mai sa tayil zai zo ya yi gyara na dindindin.

Da farko a san iyakar ɓarnar. A ɗauki ƙotar sukundireba a riƙa ƙwanƙwasa tayil ɗin da ke kewaye da wurin a hankali. Wanda ya manne sosai ƙararsa a dunƙule take fita, wanda kuma ya rabu da bango zai yi amo kamar an buga ƙwarya, ko da a ido lafiyarsa ƙalau. A yi wa irin waɗannan alama da guntun salatif. Kada a buga guduma ko a huda bango kusa da famfo ko ƙarƙashin kan shawa, domin ta nan bututun ruwa ke bi.

Sai busarwa, kuma a ganina nan ne yawancin irin wannan gyara ke lalacewa, saboda gaggawa. Silikon (man toshe tsaga mai danƙo kamar roba) da gam ba sa kama jiƙaƙƙen wuri, kuma wanda ya toshe tsaga alhali bayanta na da laima ya kulle ruwan ne a cikin bango, inda zai ci gaba da ɓarna ba tare da an gani ba. A daina amfani da shawar na awa 24 zuwa 48, a buɗe taga, a saita fanka tana hura wurin. Idan ana shakka, a manna ƙaramar farar leda a kan tsagar, a rufe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta ta kwana. In aka wayi gari ta yi gumi ta ciki, bangon bai bushe ba, sai a ƙara haƙuri.

Bayan haka a sa safar hannu da tabarau, domin bakin fasasshen tayil yana yanka kamar kwalba. A kankare tsohon silikon da reza gaba ɗaya, tunda sabo ba ya manne wa tsoho yadda ya kamata, a share gutsattsarin ruɓaɓɓen simintin da aka cike tsakanin tayil da shi, sannan a goge wurin da sifirit don cire maiƙon sabulu. Idan akwai baƙar funfuna, a wanke ta da bilic da aka sirka da ruwa tun kafin a fara busarwar. Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal ko da wani abin wanki mai amoniya, domin haɗin yana fitar da iska mai guba, kuma banɗaki wuri ne matsattse.

Tsaga siririya kamar gashi, a jikin tayil ɗin da bai motsa ba, gam ɗin efoksi mai haɗi biyu ya fi dacewa da ita. A cakuɗa kashi biyun yadda aka rubuta a jikin kwalinsa, ɗan kaɗan kawai, domin akwai irin da ke fara daskarewa cikin minti 5. A tura shi cikin tsagar da tsinke, a share abin da ya yi saura kafin ya ƙame. Tsagar da ta fi faɗi kuwa, da ramin da ke tsakanin tayil biyu, da kusurwar da bango biyu suka haɗu, silikon na banɗaki mai hana funfuna ake sa musu, saboda yana da danƙo, yana jure ɗan motsin gini ba tare da ya tsage ba. A manna salatif na takarda a gefe biyu na tsagar, a matsa silikon a jere ba yankewa, a bi shi da ɗan yatsa sau ɗaya ya shige ciki, a ɓare salatif ɗin nan take tun yana ɗanye. Wani silikon yana warin tsami irin na ruwan khal. Wannan bai dace da marmara ba, a nemi marar tsamin. Samansa zai yi fata cikin kamar rabin awa, amma kada a yarda ruwa ya taɓa shi sai bayan aƙalla awa 24.

Tayil ɗin da ya saki amma bai fashe ba, a zare shi a hankali, a kankare bayansa, a bar bangon ya bushe, a ɗiga silikon wuri biyar, kusurwa huɗu da tsakiya, a mayar da shi a danna, a ɗaure shi da salatif zuwa maƙwabtansa, sannan a zagaye gefunansa da silikon. Kada a cika shafawa, domin dole ne a kankare shi tas kafin simintin tayil ya kama a ranar babban gyara.

In kuwa tayil ɗin ya farfashe, ko filastar da ke bayansa tana marmashewa, ko allon jifsum (allon filasta da ake rufe bango da shi) ne a bayansa ya yi laushi har yatsa na lotsa shi, babu gam ɗin da zai riƙe. A yanko leda mai kauri wadda ta zarce ramin da kamar santimita 15 ta kowane ɓangare, a manne samanta da gefunanta biyu da salatif mai hana ruwa a kan busasshen tayil, a bar ƙasanta a sake domin laimar ciki ta sami mafita. A karkatar da kan shawa daga wannan bango, a riƙa duba salatif ɗin kafin kowane wanka. A leƙa ɗaya gefen bangon kuma: idan fenti ya fara kumbura, ko laima tana ƙaruwa alhali ba a yi wanka ba, mai yiwuwa bututu ne ke yoyo a ciki. A rufe ruwan, a kashe wutar duk soket ɗin da ke jikin bangon, a kira mai gyaran famfo a ranar.